Ranar da Gimbiya ta Ƙi Tashi

Duk wanda ya zauna a Zariya a shekarun nan, daga Samaru har Jushi, in ya ce bai san Gimbiya ba, to ko dai ba ya fita waje ko kuwa hassada ce ke damunsa. Ni dai ban taɓa ganin mota mai kyanta ba, kuma na je Kano, na je Jos, har Legas na taɓa leƙawa. Irin motocin nan ce na da masu ƙirar kunkuru, waɗanda injinsu ke baya, launinta ruwan ƙwai. In na fito da ita masu acaɓa sukan rage gudu, 'yan makaranta su ɗaga hannu, har wata rana wani ɗan sanda ya sara mini a mahaɗar hanya. Uwarku ta ce hayaƙi yake korewa daga fuskarsa, amma ita a kujerar baya take, ba ta gani sosai ba. Saboda irin wannan ne ma nake rubuta babin nan domin ku, Rifkatu da Bitrus da Hannatu. Duk abin da kuka sani game da gasar motocin da na shiga daga bakin uwarku Saratu kuka ji shi, ita kuwa, Allah ya ja kwananta, ba ta taɓa ba da labarina ta bar ni da hula a kai ba.

Kafin gasar nan ta zo, mu muna da namu taron. Duk Asabar da hantsi masu tsofaffin motoci mukan haɗu a ƙarƙashin wata babbar darbejiya a gefen Samaru. Asabar muka zaɓa domin Juma'a ta Tanimu ce da 'yan uwansa, Lahadi kuma tamu ce da Okoro. Kun san Baba Tanimu, telan nan na Unguwar Gabas, wanda ya ɗinka muku kayan Kirsimeti tun ba ku iya tsayawa a gwada ku ba. Motarsa irin tawa ce sak, sai dai shuɗiya, kuma ya ƙi raɗa mata suna, wai mota ba 'yarsa ba ce. Okoro kuwa kayan gyaran mota yake sayarwa a Sabon Gari, a nan aka haife shi, in yana zagi da Hausa sai ka nemi alƙalami ka rubuta. Akwai wani likitan dabbobi, da wani tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, da wasu da ke zuwa suna ɓacewa. Mukan jera motocin, mu buɗe injuna, kowa ya leƙa na wani ya faɗi ƙarya iya ƙarfinsa. Mai tsire ya san da mu, mai shayi ya san da mu. Ana zama a kan mota, ana ɗora kofi a kan rufinta, ba wanda ke ɗaure fuska. In aka tashi kuma sai a yi abin da ya fi komai daɗi, wato turi. Yawancin motocinmu ba sa jin maganar makulli, saboda haka mukan tura su ɗaya bayan ɗaya, manyan mutane masu furfura da tumbi muna gudu muna ihu, a bar ta Okoro a ƙarshe don ita ba ta taɓa ƙin tashi da kanta ba. Gimbiya ake fara turawa. Ni nakan ce girmamawa ce, su kuma su ce tun suna da sauran ƙarfi ne.

Akwai wata al'ada tamu da ya kamata ku sani. Kayan tsofaffin motocin nan ba a samunsu a kasuwa yadda ake so, don haka aro muke yi wa juna. In madubinka ya fashe, wani ya cire nasa na gefen da ba ya kallo ya ba ka. In za ka ɗaurin aure, a haɗa maka tayoyi masu kyau daga motoci uku, ka dawo a mayar, ko kuma a manta. Yawanci mantawa ake yi. Haka aka yi shekaru har ba wanda zai iya rantsuwa cewa motarsa tasa ce daga gaba har baya. Ni ma na taɓa sayen wata kabireta mai kyau, ita ce abin da ke haɗa mai da iska ya ba inji. Da ta Tanimu ta lalace sai na cire tawa na ba shi, domin shi da motarsa yake kai yara makaranta kullum, ni kuwa ina da babur na zuwa wurin aiki. Na maƙala wa Gimbiya wata tsohuwa da aka ɗaure da waya. Daga nan ne ta fara ɗan hayaƙin da uwarku ke ƙarawa gishiri.

To, a shekarar da nake ba ku labari, sai ga wasu samari daga Kaduna sun zo ƙarƙashin darbejiya da wata mota mai ƙara kamar jirgin sama. Suka gaishe mu da ladabi, suka ce suna shirya gasar motoci a wani fili a Samaru, da rumfuna da lasifika da alƙalai, kuma akwai rukuni na tsofaffin motoci, wanda ya ci a ba shi kofi. Suka nuna mana hoton kofin a waya. Wallahi kofin nan in aka cika shi da koko zai ciyar da unguwa. Muka yi dariya, muka ce mu ina ruwanmu da kofi, mu da muke zuwa cin tsire. Amma na lura a ranar turin bai yi armashi ba. Kowa yana tura motar wani yana ƙare mata kallo.

Ranar Talata da yamma ina zaune a ƙofar gida sai ga Okoro da jakar sifanu.

“Ishaya, ɗan'uwana, ba wani abu ba ne. Bamban nan nawa mai ƙyalli, zan ɗan goge shi ne.”

“Ka goge shi a nan mana. Ga tsumma.”

“A gida na fi iya gugar.”

Ya kwance bamba na gaba da na baya, ya haɗa da murafun tayoyi, ya ce ai su ma ƙura ta kama su. Washegari likitan dabbobi ya zo ya karɓi madubinsa da hon. Tsohon ma'aikacin jirgi ya aiko a karɓo masa sitiyari, sitiyari fa, ya bar mini wani da ya yi kama da murfin tukunya. Kafin Juma'a Gimbiya ta koma kamar kazar da aka fige. Saratu ta fito da tsintsiya, ta zagaya ta, ta tsaya ta riƙe ƙugu.

“Baban Rifkatu, wai a cikin motar nan me ka saya da kuɗinka?”

“Ruhinta,” in ji ni.

“To ka shigar da ruhin gasa, ka bar mana gangar jikin mu zuba masara.”

Maganar ta yi mini zafi, kuma a nan ne kofin ya shiga kaina da gaske. Na ce in dai kowa zai karɓi nasa, ai ni ma ina da nawa a waje. Na zaga Sabon Gari na samo bamba na gwanjo, na kai wa mai fenti ya feshe ta, na sayi wani tsohon sitata da mai shi ya rantse mini daga Turai ya zo, don Gimbiya ta riƙa tashi da makulli kamar motar mutane. Abu ɗaya ya rage, hayaƙi. Ba alƙalin da zai ba da kofi yana tari. Maganin hayaƙin kuwa yana cikin motar Tanimu. Saratu ta gane inda na dosa tun kafin in buɗe baki.

“Kada ka je,” in ji ta. “Mutumin nan da motar yake kai yara makaranta.”

“Aro na ba shi, ba kyauta ba.”

“Da Hannatu ta yi zazzaɓin nan, da wace mota aka kai ta asibiti? Taka tana nan tana jiran a tura ta.”

Na ce mata mata ba su san harkar inji ba, na hau babur.

Na tarar da shi a shago yana taka keken ɗinki. Muka gaisa kamar kullum, ya tambayi yara, na tambayi Binta matarsa, na yi maganar zafi, na yi maganar tsadar mai, na koma kan zafi. Ya dakatar da keken ya dube ni ta saman tabarau.

“Ka zo da sifana, ko in ɗauko tawa?”

Ban san wa ya gaya masa ba. Ya fita da kansa, ya buɗe bayan motarsa, ya kwance kabiretar a hankali kamar mai cire wa yaro ƙaya, ya goge ta, ya naɗe ta a wani ƙyallen shadda ya miƙo mini. A lokacin Binta ta aiko da fura kamar yadda take yi duk na zo. Ni da ban taɓa mayar da kwanon furarta da saura ba, ranar sai na kurɓa sau biyu na ajiye. Don in rage nauyin abin na ce ai fitilun gaban Gimbiya nasa ne, gobe zan kawo masa.

“Riƙe su,” in ji shi. “Alƙalai sun fi son mota mai ido biyu. Ni tawa ba inda za ta.”

Ya koma ya ci gaba da taka kekensa. Da ya zage ni da na ji daɗi, don na zo da amsoshi cike da aljihu.

Daga nan Asabar ta mutu. Na je ƙarƙashin darbejiya na tarar da mai tsire shi kaɗai yana korar ƙudaje, ya tambaye ni ko rasuwa aka yi. Kowa ya rufe motarsa da tamfol a gida, kamar akwai mai satar kyau da ido. In na haɗu da Okoro a kasuwa sai mu gaisa kamar surukai. Wata safiya ina kan babur na hango yaran Tanimu a bakin titi da kayan makaranta, suna tsayar da keke mai ƙafa uku, ƙaramar tana riƙe da kwandon abinci. Suka gan ni suka ɗaga hannu suna “Baba Ishaya!” Na ɗaga musu, na ƙara wuta. Gimbiya kuwa ta daina hayaƙi, tana tashi da makulli, tana ƙyalli har kaji na tsorata da inuwarsu a jikinta. Ban taɓa ganinta da kyau haka ba, kuma ba ni da wanda zan nuna wa. Na fara tunanin ko shi ke nan, mutumin da muka ci abinci a kwano ɗaya tun muna samari, nan gaba sai dai mu riƙa gaisawa a wurin jana'iza.

Ranar gasa na isa da wuri. An kafa rumfuna, an zagaye fili da igiya, an manna wa kowace mota lamba a gilashi. Wani mai lasifika yana karanto dokoki: ba a cin abinci kusa da mota, ba a jingina, ba a taɓa motar wani, kowa ya tsaya a gefen tasa. Sannan ya ce in alƙalai suka zo, dole mota ta tashi da makullinta a gabansu, wadda aka tura an cire ta daga gasa. Na yi murmushi, na shafa aljihun da makulli yake. Ga Okoro can da motarsa, ga likitan dabbobi, ga tsohon ma'aikacin jirgi, kowa da tsumma a hannu, kowa yana kallon gabansa kamar ɗaliban da ke jarrabawa. A ɗaya gefen samari na juya sababbin motoci suna ƙona taya, jama'a na ihu. Mu kuwa rana ta dake mu har na ji ƙwaƙwalwata na tafasa. Ba shayi, ba tsire, ba wanda zan yi wa ƙarya. Na tsaya ina gadin motata kamar wanda aka ɗauka aiki.

Can alƙalai suka iso, su uku, ɗaya har da safar hannu fara. Suka zagaya Gimbiya, suka leƙa ciki, suka leƙa ƙasa, babbansu ya gyaɗa kai. Na ga kofi a kan teburin falonmu, har na zaɓi inda zan matsar da hoton aurenmu.

“Baba, a tayar mana.”

Na shiga, na gyara zama, na murɗa makulli. Gimbiya ta ce ƙas. Na sake murɗawa, ta ce ƙas, a hankali wannan karon, kamar mai jin kunya. Na uku ko ƙas ɗin ba ta ce ba. Sitatan Turai ya koma ga Mahaliccinsa. Jikina ya yi abin da ya saba, na leƙo ta taga zan ce a tura. Na dubi Okoro, sai ya gano wani datti a jikin madubinsa ya dukufa gogewa. Likitan dabbobi ya ɗaga kai yana nazarin gajimare. Babban alƙalin ya ce za su duba sauran su dawo, in ta tashi kafin nan, to.

Na fito ina share gumi, sai na ji murya daga bayan igiya.

“Mutumina, ta ƙi ne?”

Tanimu ne, da kayan aikinsa, tef ɗin awo na rataye a wuya, ga alama daga shago ya hawo acaɓa. Ban san tun yaushe yake tsaye a ranar nan ba.

“Tana hutawa ne,” in ji ni.

“Shiga ƙarƙashi ka ɗan bubbuga sitatan da sifana. Wani lokaci suna farfaɗowa. Kana da lokaci kafin su dawo.”

Gaskiya ya faɗa, na sha ganin an yi haka an dace. Sifana tana cikin mota. Na dubi ƙasa inda zan kwanta da sabuwar shaddata, wadda shi ya ɗinka mini, na dubi teburin da aka ɗora kofi, na dubi mutumin nan da na raba da motarsa amma ya biya acaɓa ya zo ya ga tawa. Na tambayi kaina, in ta tashi na ci kofin, wa zan kai wa ya gani ranar Asabar? Mai tsire?

“Tanimu, zo ka tura.”

“In na taɓa ta an cire ka fa.”

“Na ji mai lasifika, ba kurma ba ne ni. Tura!”

Ya ɗaga igiya ya shigo. Wani saurayi mai rigar ma'aikata ya taho da gudu yana “Baba, ba a shiga, ba a shiga!” Tanimu ya ce masa, “Yaro, matsa, kada a take ka,” ya tofa yawu a tafin hannu ya dafa bayan Gimbiya. Na sa giya ta biyu, na taka kuloci. Filin yashi ne, mutum ɗaya ba zai iya ba. Tana motsi kamar ba ta so, ina jin numfashinsa ta taga. Sai na ji wata murya ta daban.

“Kai Tanimu, haka ake turi? Ɗinki ya cinye maka ƙashi! Matsa can!”

Okoro ne. Ya bar alƙalai tsaye a gaban motarsa da takardunsu, ya yar da tsumma ya taho. Likitan dabbobi ya biyo shi, tsohon ma'aikacin jirgi ya zo yana ɗingishi yana ba da umarni kamar yana tashar jirgi. Mota ta ɗauki gudu, suna ihu, “Saki! Saki, Ishaya!” Na saki kuloci. Gimbiya ta yi tsalle, ta yi tari, ta kama da wata irin ƙara da na tabbata an ji ta a Sabon Gari. Jama'ar da ke kallon masu ƙona taya suka juyo gaba ɗaya suna tafi. Mai lasifika ya sanar cewa an cire lamba kaza daga gasa, kuma ban taɓa jin sanarwar da ta yi mini daɗi kamarta ba. Na buɗe ƙofa ban tsaya ba, Tanimu ya faɗo ciki yana haki, muka fice ta ƙofar fili.

Unguwar Gabas muka nufa kai tsaye. A hanya ya ce in rage gudu akwai rami. A ƙofar shagonsa na kashe mota, na kwance kabiretar tun tana ƙona hannu, muka mayar da ita inda na ɗauko ta. Kafin la'asar sai ga su Okoro sun iso, motarsa cike da bamba da madubi da sitiyari, ya ce kayan sun ƙi zama a jikin motocinsu, sun saba da tawa. Kofin dai wani saurayi ne daga Kaduna ya tafi da shi, ban ma ga motarsa ba. Binta ta aiko da fura a babban kwano, na sha har sai da aka ƙwace. Asabar ta gaba muka koma ƙarƙashin darbejiya, kuma har yau in an shirya irin wannan taro mukan je, mu ajiye motocinmu a wajen igiya, mu buɗe tsire a kan rufi, mu yi ta kushe motocin da ke ciki. Ba mu sake karɓar lamba ba.

To, a yammacin nan a ƙofar shago, da cikina ya cika, sai na ga ya dace in yi ɗan jawabi. Na miƙe na ce a duk tarihin Zazzau ba a taɓa samun mutumin da kofi ya zo har hannunsa ya ture shi saboda aboki ba sai ni, kuma ya kamata Tanimu ya gaya wa jikokinsa irin darajar da yake da ita a wurina, tunda shi ma ya bar shagonsa ya shiga rana ya tura mota saboda ƙaunata. Tanimu yana sunkuye a bayan motarsa yana ɗaure ƙusa ta ƙarshe. Bai ko ɗago ba.

“Ishaya, ni fa ba don kai na tura ba,” in ji shi. “Motar ce ta ba ni tausayi. Ta sha wahala a hannunka.”